Wayar da Na Yanke a Bas ɗin Ɗanlami

Kwanakin baya wani saurayi ya tsayar da motar babansa a bakin rumfata, nan Tudun Wada, bai ko kashe injin ba. Ya ce wutar madannan rediyo ce ta ɗauke, kuma ya riga ya kalli yadda ake yi a wayarsa, aikin bai kai a zauna ba, sukundireba kawai zan ara masa. Na ce ya kunna ƙananan fitilu. Na zura hannu ta taga na lalubi ɗan faifan nan na gefen sitiyari, wanda ake rage hasken dashbod da shi, na murza shi sama. Wani ne ya goge shi da tsumma wajen wankin mota, ya mayar da shi ƙasa. Na kare fuskar rediyon da tafin hannu, ya leƙa, ga wuta ta dawo. Ya yi dariya ya ce ai dama ya faɗa, babu komai a aikin nan. Ya ja mota ya tafi, ko sannu bai ce ba.

Ban kula shi ba, don na gaji da wannan bayanin. Amma ku da kuke cika mini benci kullum da la'asar, kuna cinye mini gyaɗa, kuna cewa wai Baba Sabo zaune yake cin abinci da guntun waya da salatif, ku zan yi wa, sau ɗaya, in huta. Gaskiya ne wani aikin murza faifai ne kawai. Sanin cewa faifan ne, tun kafin ka kwance rabin mota, shi ne abin da ya cinye mini ƙuruciya da idanu.

Motar farko da aka bar ni na taɓa wa rediyo a Kano ne, a garejin maigidana Malam Iliya rewaya, mai gyaran wutar mota. Kafin ranar na yi shekaru ina ɗaukar batir a ka, ina kankare kawunansa, ina hura gawayi don a ɗumama ƙarfen da ake narka dalma da shi. Tsohuwar mota ce mai dogon baya ta wani ɗan kasuwar hatsi. Ina jin an ce rediyo na yi wuf na ɗauki sukundireba. Malam Iliya ya buge mini hannu, ya ce in ajiye ƙarfe in je in tambayi mai motar tukuna. Sauti yana fita ko ba ya fita? Duk madannan ne suka yi duhu ko wasu? Agogon gudu da na mai suna da haske? Mutumin ya ce ɓangaren dama yana ci, na hagu ne ya mutu, sauran komai lafiya. Maigidana ya ce to an gama rabin aiki. In rabi yana ci rabi ba ya ci, wuta tana zuwa ke nan, ƙwayayen fitilar ciki ne suka ƙone. In duk sun mutu amma sauti yana nan, ka bi waya. In dashbod ma ya yi duhu tare da su, ka rabu da rediyon bawan Allah, laifin yana waje. Muka buɗe fuskar, ga ƙwayaye ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kowane da 'yar hular roba koriya. Rana ta kusa faɗuwa kafin na iya manna ɗaya ba tare da na narka robar da ke kusa da shi ba.

Kayan aikin da na dawo gida da su ba su cika jaka ba. Babbansu shi ne tasta, kuma ni na haɗa abina: ƙwan fitilar mota, da doguwar waya, da tsinken ƙafar keke da na fiƙe a dutse. Ka maƙala wayar a ƙarfen mota, ka soka tsinken inda kake zargi, in da wuta ƙwan ya kama. Mitar awon wuta daga baya ta zo, kuma har yau in ta faɗa mini magana sai na tambayi tasta. Sai filaya, sai tsohon burushin goge baki, sai kwalbar sifirit ta wanke datti. Sai bargo. Shi ne kuke yi wa dariya in kun ga na lulluɓe kaina da shi a cikin mota da tsakar rana. To wutar madanni ba ta ganuwa da rana, kuma babu direban da zai zauna maka har magariba. Dole ka yi wa kanka duhu. Ku gwada shi a bazara, cikin motar da ta wuni a rana, kai a ƙasa ƙafa a waje, gumi yana shiga ido, kana riƙe da tsinke a hannu ɗaya, mai mota yana ƙwanƙwasa maka rufi yana tambaya ko an kusa. Bayana bai ƙara miƙewa daidai ba tun ina da sauran baƙin gashi.

Wata a-kori-kura da aka kawo mini daga Doguwa ta wuni a nan ina bin wayarta. Mai ita manomin masara ne, ya ajiye ta a gindin rumbu har damina ta wuce. Da na zare rediyon sai ga sheƙar ɓera a bayansa, da totuwa da auduga, sun cinye rigar wayoyi sun bar jan ƙarfe tsirara. Wannan mai sauƙi ne, ɓera ba ya musu. Masu wahala su ne waɗanda suka fara gyara da kansu. Fiyus ya ƙone, mutum ya naɗa masa takardar sigari mai ƙyalli ko ya cusa guntun waya, ya zo ya rantse maka babu wanda ya taɓa. Kuma kowa maganarsa ɗaya, ɗan abu ne, duba mini. Ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce mini babban abu ne ba.

Ga abin da wayoyinku ba sa gaya muku. A yawancin motocin da muke da su a nan, wutar madannan rediyo da jar wutar bayan mota fiyus ɗaya suke sha. Akwai wata siririyar waya a bayan rediyo, sau da yawa mai ruwan lemo, ita ke kawo wuta in an kunna ƙananan fitilu. In ta taɓa ƙarfe, ko wani abu ya haɗa ta da maƙwabciyarta, fiyus ya tafi. Direba yana zaune a gaba, manyan fitilunsa suna ci, yana ganin hanya tar, shi dai ya ga rediyo ya yi duhu. Bai san bayansa ma ya yi duhu ba, ga tirela tana tafe. Don haka ni in aka ce mini madanni sun mutu, bayan mota nake fara zagayawa.

Yanzu bari in ba ku labarin bas ɗin Ɗanlami, don a kansa na rasa abin da na tara a wannan sana'a. Mai gyara ba shi da gona a aikinsa, ba shi da shago cike da kaya, sunansa kawai gare shi. A lokacin daga Bebeji har Doguwa in wutar mota ta gagara, cewa ake a kai wa Sabo. Kusan rabin aikina kuwa na Alhaji Mati ne, mai ƙananan bas-bas a tasha, Allah ya jiƙansa. Da yana raye da ba za ku ji wannan maganar a bakina ba. Mutum ne mai tsare gaskiya, ba ya cin haƙƙin direba, amma in ya yanke magana ta yanku. Da yamma yakan zauna a kujerarsa a tasha, kowace mota ta dawo sai ya zagaya ta, ya sa a kunna masa fitilu ya gani.

Ɗanlami ɗaya ne daga direbobinsa, mutumin Yako, mai sanyin magana, ga mata ga 'ya'ya ga tsohuwa duk a kan bas ɗin nan suke ci. A gida motar take kwana, da sassafe ya ɗebo fasinja ya fito babban titi. Ya zo mini da farkon damina ya ce rediyo yana magana amma madannansa sun yi duhu. Na zagaya baya, babu jar wuta. Na ciro fiyus, ya ƙone. Na sa sabo, na jijjiga wayoyi, na daddaki dashbod, bai sake ƙonewa ba. Fiyus yakan mutu don tsufa kawai. Na sallame shi.

Bai daɗe ba ya dawo da abu ɗaya. Wannan karon na zare rediyon gaba ɗaya. Na tarar wani ya taɓa yin haɗi a baya tun kafin motar ta zo hannun Alhaji, salatif ɗin ya saki, waya tana lilo kusa da ƙarfe. Na ce alhamdu lillahi, ga ɓarawon. Na yanke, na haɗa da dalma, na naɗe tsaf, na shiga bargo na ga madanni sun kama kore shar. Na ce masa ya je, in ta sake mutuwa ya zo ya kwashe kayan aikina. Haka nake magana a lokacin.

Dawowarsa ta uku ba da dariya ya zo ba. Ya ce jiya bayan magariba yana tafe da fasinja a babban titi, sai ya ji ƙarar birki a bayansa kamar za a tsaga kwalta. Tirela ce, direbanta bai gan shi ba sai da ya zo dab, ya kauce ya sauka gefen hanya. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma fasinja sun kai wa Alhaji labari kafin shi ya isa. Alhaji ya ce abu biyu ne, ko dai Ɗanlami yana wasa da wayoyin motarsa, yana jona wani abu a ɓoye, ko kuwa aikin Sabo ne ya lalace. Ya ce ranar kasuwa mu same shi mu biyu a tasha. In hannun direba ne, ya ajiye makulli.

Na ce wa Ɗanlami ya zauna, ban taɓa ƙarfe ba. Na tambaye shi abin da ban tambaya ba a baya, wace rana ce take mutuwa. Ya yi tunani, ya ce jiya Juma'a ce. Wancan karon fa? Ya ce shi ma kamar Juma'a. Na lura ya daina kallona, yana kallon takalminsa.

Na ciro rediyon na kawo shi kan tebur, na ɓalle fuskarsa, abin da ban yi ba sau biyun farko don babu dalili. A bayan madannai akwai fanel, koren farantin nan da aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin jan ƙarfe. Na same shi da wani baƙin abu ya bi ta tsakanin madannai ya gangara, ya taru a inda fuskar take cusuwa a jikin rediyo, ya haɗe ƙafafun da bai kamata su haɗu ba, har sun fara yin kore. Na san shayi in ya zube, na san lemo, na san man turare da direbobi suke ajiyewa a kan dashbod. Wannan ba ko ɗaya. Yana da danƙo, yana da baƙi, ba shi da ƙamshi. Na lakata da yatsa na ɗora a harshe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ɗanɗanon, na ƙaro da gawayi. Tawada ce, ta wankin allo.

Na ce, "Ɗanlami, wa yake yi wa motar nan rubutu?"

Ya ce Inna ce, mahaifiyarsa. Babansa ma direba ne, a hanyar dajin Falgore ya rasu a cikin mota, Ɗanlami yana ƙarami. Da ya girma ya ce tuƙi zai yi, ta ce sai dai bayan ranta. An yi shekaru ana lallashi kafin ta yarda, kuma da sharaɗi ɗaya. Duk daren Alhamis takan karɓo rubutu wajen wani malami a unguwarsu. Da asubar Juma'a, yana masallaci, sai ta ɗauki makulli ta buɗe motar. Ta tsoma hannu a kwano ta shafe duk inda hannunsa yake taɓawa, sitiyari, giya, mariƙin ƙofa, madannan rediyo, sauran ta yayyafa a kan dashbod. Motocin da ya tuƙa a baya ba su da rediyo, rami ne kawai a wurin, shi ya sa ba a taɓa samun matsala ba. Da rani abin yakan bushe nan da nan. Da damina ta zo, danƙon ya riƙe laima, baƙin gawayin ya zama hanya, da ya kunna fitilu da yamma sai fiyus ya tafi.

Na ce ai sai ya gaya mata ta tsallake rediyon. Ya ce ya gwada tun da ya ga madannan sun fara danƙo, har leda ya taɓa ɗaura wa wurin, ta cire. A wurinta in an bar wuri ɗaya ba a shafa ba, to ta nan abin zai shigo. Ranar da ya matsa mata ta ƙi cin abinci, ta ce in rubutun ya dame shi ya mayar wa mai mota motarsa ya koma gona. Na ce to ya sha rubutun mana, kamar kowa. Ya ce yana sha, nasa daban na mota daban. Na ce to mu gaya wa Alhaji gaskiya. Nan ya ɗago ya dube ni. Ni ma na san amsar tun kafin in rufe baki. Ba a daɗe ba Alhaji ya kori wani direba don an ga laya a ƙarƙashin kujera. Shi a wurinsa duk wanda ya sa wa dukiyarsa irin wannan, asiri yake yi don ya raba shi da ita, kuma ba ya sauraron bayani.

Na yi ta juya fanel ɗin nan a hannu ina neman dabara. In na wanke shi tas, Juma'a mai zuwa za a sake. In na toshe tsakanin madannai da gam, ba za su dannu ba. In na ce wa Alhaji rediyon ne ya tsufa, ƙarya ce, kuma zai sayo sabo a jona, a sake kwana a inda aka tashi, wannan karon laifin ya faɗa kan Ɗanlami kai tsaye. Kuma ba rediyon ne ya dame ni ba, jar wutar baya ce, da mutanen da ke zaune a kujerar ƙarshe. Hanya ɗaya na gani. Na ɗauki filaya na yanke wayar nan mai ruwan lemo, na naɗe bakinta da salatif, na tura ta can ciki. Daga ranar komai aka zuba wa fuskar rediyon ba zai kai ga fiyus ba. Sauti yana nan, wutar baya tana nan, madanni kuwa sun yi duhu ke nan.

Ranar kasuwa tasha cike take, direbobi, 'yan kamasho, masu lodin buhuna, kowa ya san abin da ya kawo mu. Alhaji ya sa aka kunna fitilu, ya zagaya baya ya ga ja, ya gyaɗa kai. Ya leƙa ciki, ya kare rediyon da hularsa, ya ɗago.

Ya ce, "Malam Sabo, wannan fa?"

Na ce wutar baya ba za ta sake mutuwa ba, na ɗauki alkawari, amma ta madanni ba za ta zauna ba, don haka na raba su.

Ya ce, "Tambaya ɗaya na yi. Hannun yaron nan ne?"

Na ce, "Ba hannunsa ba ne, Alhaji."

"To me ya hana ta zama?"

Ɗanlami yana tsaye a gefena, ina jin numfashinsa.

Alhaji ya ce, "Wato ka kasa."

Na ce, "Na kasa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi abin da ya ba shi mamaki, mutum ya yi furfura a kan waya, a ce wutar da ba ta kai ta ashana ba ta gagare shi, har ya kusa jawo masa asarar rayuka, sau biyu yana cewa ya gyara. Ya miƙa wa Ɗanlami makulli ya ce ya je ya yi lodi. Rediyon kuwa, tun da yana magana, a bar shi haka, ba zai ƙara kashe masa ko sisi ba. Na dawo rumfa da ƙafa, ban tsaya sayen komai a kasuwar ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Alhaji ya kwashe motocinsa ya mayar wajen wasu samari a Kwanar Ɗangora. Da wannan ne kaɗai, da da sauƙi. Amma maganar tasha ba ta kwana a tasha. Wanda ya saba kawo mini mota daga Kiru sai in gan shi ya wuce ta gabana ya ɗaga hannu kawai. In wani baƙo ya tambayi rewaya, sai a ce akwai wani tsoho can, amma fa ido ya fara tafiya, wutar rediyo ma ta gagare shi. Wani ɗan kamasho har waƙa ya mayar da abin, in ya hango ni sai ya fara. A daidai lokacin kuma mutane suka koma sauraron komai a waya, rediyon mota in ya mutu sai a bar shi. Na wuni a rumfar nan ba sau ɗaya ba, ban buɗe akwatin kaya ba. Na koma gyaran fitilar caji da ta hannu. Da rani na bi masu noman shinkafa wajen Bagauda ina duba musu wayoyin injin ban ruwa, ina tsugune a taɓo da girmana, ana biyana da abin da ya samu. Gidana an ga canji a tukunya, ba sai an tambaya ba.

Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Ba rashin aikin ne ya fi ci mini rai ba, a'a, sanin da na yi cewa na gano ciwon, da harshena ma na ɗanɗana shi, amma garin nan kaf an tafi a kan na kasa. Sau da yawa nakan hango Alhaji a masallacin Juma'a in ji maganar ta taso mini har wuya. Sai in tuna gidan Yako in haɗiye. Ɗanlami bai manta ba, in ya wuce yakan sauke mini ɗan rake ko dankali, in motarsa ta sami matsalar wuta yakan kawo mini a ɓoye. Amma rake ba ya mayar da suna. A hankali aiki ya ɗan dawo, na masu babur da masu a-kori-kura, bai dai koma yadda yake ba har yau.

Shekaru suka wuce, bas ɗin ya tsufa a hannun Ɗanlami, bai taɓa kwana a hanya don wuta ba. Sai wata rana aka ce Inna ta rasu. Na hau babur na je Yako na yi gaisuwa. Bayan an yi sadakar arba'in sai ga shi ya tsayar da motar a bakin rumfa, ya fito ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Baba, na zo a mayar da wayar nan. Yanzu babu mai shafawa. In ta kama mu je tare wajen Alhaji da yamma, ya gani da idonsa."

Ban san ina jiran wannan ranar haka ba sai da na ji maganar nan tasa. Alhaji yana nan da ransa a lokacin, yana zama a kujerarsa, tasha kuma ba ta rasa 'yan kallo. Ba sai na faɗi sirrin kowa ba. In ce kawai na koma na yi nazari na gano, ga shi. Har na fara shirya yadda zan tsaya.

Na zare rediyon na kawo kan tebur na ɓalle fuskar. Koren fanel ɗin ba ya ganuwa. Tawada ta hau kan tawada, ta bushe ta yi kauri kamar ƙanzo a gindin tukunya, ta cika kowane lungu, har ta ɗauki siffar bayan madannan. Ƙasan dai da sauran rai, na gwada da mita na ga hanyoyin ba su yanke ba. Wanki kawai yake so da ƙwayaye sababbi. Na zuba sifirit a murfi, na tsoma burushi.

Ɗanlami yana tsaye a kaina. Ya ce, "Baba, sai an wanke?"

Na ce sai an wanke tas, in an bar ko kaɗan fiyus zai sake tafiya. Ya miƙa hannu ya taɓa baƙin da ɗan yatsa, a hankali. Na gane inda ya dosa, sai na yi sauri na ce akwai wata fuskar irin wannan a akwatina, in sa masa ita, ya tafi da wannan gida ya adana. Ya girgiza kai. Ya ce ba a gida ta sa ba, a mota ta sa, inda hannunsa yake taɓawa.

Sifirit yana ɗiga daga burushi a kan tebur yana bushewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in ce masa ni fa, shekarun nan duka wa ya biya su. Na dube shi, mutum mai 'ya'ya har sun fara tasawa, ya kasa ɗauke yatsa daga kan fanel.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. A mayar da shi yadda yake."

Na juye sifirit ɗin a kwalba na rufe. Na mayar da fuskar na ɗaure, na zura hannu can ciki na lalubo wayar, salatif ɗinta ya fara saki, na sake mata sabo. Na sa ya kunna fitilu, na zagaya baya na ga ja. Ya shiga ya tayar da mota, ya leƙo ta taga ya tambayi abin da zai bayar. Na ce ya tafi kawai, ai ban gyara komai ba.